Murar Kili da Tukunyar Awarar Inna

Wata Laraba ce, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, na dawo daga makaranta na tarar da gidanmu na unguwar Sabo, can ƙasar Yarabawa, ya turnuƙe da hayaƙi, 'yan haya sun firfito bakin titi suna tari da hawaye. A tsakar gida Baba ne durƙushe da kasko, ya zuba garwashi da tsumma da busasshen barkono, yana fifita hayaƙin cikin hancin dokinsa Kili. Maƙwabciyarmu Iya Risi ta leƙo ta saman katanga, ta toshe hanci da gefen zani tana cewa, "Ejo, don Allah, Baba Ladi, kashe mu za ka yi?"

Kili farin doki ne, kuma shi ke ciyar da mu. Shi Baba ke ja zuwa wuraren biki, Yarabawa su ɗora 'ya'yansu a ɗauki hoto, lokacin Sallah kuwa shi ne kakarmu. Don haka a gidan nan Kili ne ɗan gata, mu 'yan rakiya. Ni ke jiƙa masa dusa kafin in karya, ni ke kwashe kashinsa, 'yan ajinmu na tsokanata wai ina warin barga. Ciwon ma Baba ne ya jawo shi. Wani bafatake ya sauka a unguwar Ojoo da doki mai majina har ƙirji, Baba ya gayyato shi, ya shayar da dokin a bokitin Kili, wai ba a hana baƙo ruwa. Ba a jima ba Kili ya daina cin harawa, majina mai kauri ta tsinke, ƙarƙashin muƙamuƙinsa ya kumbura suntum, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto.

Inna, wadda ke soya awara a gida muna kai talla, ta ce a yi masa sirace, a riƙa gasa kumburin da ruwan zafi. Baba ya ce a'a, hayaƙi kakansa ke yi a Katsina, "da tsohuwar zuma ake magani." Abin da ya ƙi tunawa shi ne kakan nasa a fili yake turara dokinsa, mu kuwa tsakar gidanmu da kyar tabarma uku ke shimfiɗuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don ina gani dokin na ja da baya yana neman iska, Baba na ƙara barkono.

Da ya tafi masallaci sai Inna ta juye waken awararta a roba, ta cika babbar tukunyar da ruwa da ganyen darbejiya, muka ɗora buhu a kan Kili yana shaƙar tururin. Haka muka yi ta yi a ɓoye duk lokacin salla, awara ta tsaya, masu saye na zuwa suna komawa. Ranar jajibere kumburin ya fashe, Kili ya sa baki a dusa. Baba ya shafa gemu ya ce, "Kun gani ko? Hayaƙina ne ya nunar da shi." Inna ta dube shi, ta ɗauki tukunyarta ta shige madafi, ranar tukwane sun sha bugu.

Kili ya tashi, amma gurnanin maƙogwaronsa bai bar shi ba. Da an ɗan ja shi sai ya kama gurnanin, yara su tsorata, iyaye su sauke su. Sallar nan da wadda ta biyo, awarar Inna muka ci, Baba kuwa ya ƙi sayar da shi har ya mutu a turkensa.

Yanzu inda turken yake 'yan okada ke ajiye baburansu, Baba da Inna duk sun rasu, yarana ba su taɓa shafa doki ba. Amma in tsohon keke mai ƙafa uku ya taso hawan Mokola yana nishi irin na Kili, har gobe sai na waiwaya.