Ammu Hamza da Zoben da ke Ɗaurewa ta Hagu

Ina shagona na ɗinki a Aziziyya, bayan la'asar ɗin ranar Juma'a, wayar Samira ta shigo. Ita ce babbar 'yar aminina Ammu Hamza, haihuwar Jidda, Hausarta ba ta rabuwa da Larabci, baffa ma Ammu take cewa. "Ammu Sani, Baba tawaffa, ya rasu. Ya dawo daga masallaci ya kishingiɗa, halas, bai tashi ba." Na yi innalillahi, na rufe shago na nufi gidansu a Ammariyya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya zauna makokin nan zai shaida dariya ta fi hawaye yawa, domin mutumin bai bar mana labarin ɓacin rai ko ɗaya ba.

Ammu Hamza jikan alhazan Katsina ne, ya tsufa yana gyaran firji. Abin da ke ransa kuwa keke ne, wani ja siriri irin na tsere, ba birki ba firiwil. Muddin taya na juyawa feda na juyawa, ƙafa ba ta samun hutu. Da shi yake zagaya bakin teku kullum bayan asuba. Lokacin da likita ya ce ciwon sukari ya kama ni, shi ya samo mini tsohon keke mai birki ya ja ni muka riƙa fita tare. In na tsaya ina haki sai ya kewayo yana murmushi: "Yalla ya Sani, tumbin nan ba gado ba ne, ajiye shi."

Duk Juma'ar farkon wata yakan kwance kekensa kaf, don iskar teku na cin ƙarfe. Sai ya shimfiɗa tsohon haraminsa a tsakar falo, ya jera kayan bi da bi yadda suka fito: feda, sarƙa, tayoyi, har ƙaramin noti. 'Ya'yan boris kuma a finjalan gahawar matarsa Hajiya Rabi yake zuba su, ita ko ta shekara ashirin tana faɗa a kai ba ta ci nasara ba. Yakan ce, "Wanda ya fara fita shi zai koma ƙarshe. In ka jera da kyau, ko ba ka nan wani zai iya haɗawa."

A cibiyar tayar baya akwai wani ɗan zobe da ke riƙe farantin sarƙa. Kowane noti ta dama ake ɗaure shi, shi wannan ta hagu. Ranar da ya fara miƙo mini sifana in kwance shi, na murɗa yadda na saba, ashe ƙara ɗaure shi nake yi. Na sa ƙarfi har tiredin ya cinye, cibiyar ta tashi daga aiki. Wata biyu yana jiran sabuwa. Bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya raɗa mini suna Sarkin Ƙarfi, ya naɗa ni mai wanke sarƙa da kananzir. Shekara tara ina kan wannan sarauta.

Ran kwana uku Hajiya Rabi ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Malam Sani, finjalaina nake so." Samira ta buɗe falo, sai ga harami a shimfiɗe, keke a jere guntu-guntu yadda ya bar shi da hantsin ranar da ya rasu. Hajiya ta ce, "Da zai tafi masallaci ya ce kada kowa ya taɓa. Wai wankin sarƙarka ya isa, wannan karon kai za ka haɗa. Kuma keken na Samira ne, ya daɗe da yi mata alkawari."

Cibiyar nan ita ce wadda ya jira wata biyu, in na sake lalata ta babu mai yi mini dariya ya gyara.

Na durƙusa na fara daga ƙarshen jeri, ina shafa giris, ina ƙirga boris. Da na zo kan zoben hannuna ya karkata dama da kansa. Na tsaya, na yi bisimilla, na juya hagu a hankali. Ya shige sumul. Da na gama haɗawa, Samira ta ɗaga tayar baya ta murɗa feda, tayar ta yi ta juyawa ba ƙara ko kaɗan. Ta fashe da dariya tana share ido: "Mabruk, ya Sarkin Ƙarfi!" Na wanke finjalan tas na miƙa wa mai su, ta karɓi biyar, ta ce in bar ɗaya a wajena saboda wata mai zuwa.

Allah Ya jiƙan Ammu Hamza, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya Rabi da Samira da ƙannenta haƙuri, Ya tsare Samira a kan hanya duk asubar da ta fita. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon barin namu a jere yadda ya bar nasa. Amin.