Ƙahon da Ban Busa ba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da na ajiye ƙahona a bakin ƙofa ba.

A unguwar Balsall Heath, a ƙasar Turawa, na tashi, a makaranta na koyi busa ƙahon tagulla, na aro daga kansil, wato ƙaramar hukuma, don mu ba mu da halin saya. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an riga an sanar da mu za a rufe sashen kiɗa, kowa ya mai da kayan aro. Ana cikin haka aka zaɓe ni in yi busa ni kaɗai a gaban taron makaɗa a Manchester. Sabon kiɗa ne da aka gina kan tsohuwar tatsuniyar Girkawa, ta mutumin da ya bi matarsa lahira, aka ba shi ita bisa sharaɗin kada ya waiwaya. Masu ɗaukar ɗalibai a kwalejin kiɗa za su zo. Na yi ta gwaji har leɓena ya tsage.

Sai kakata ta rasu a Kano, sadakar uku ta faɗo ranar wasan. Falonmu ya cika da masu ta'aziyya, takalma har kan matakala.

"Ana zaman makokin uwata, 'yata tana busa a wani gari? Da wane ido zan dubi mutane?" in ji Baba.

Umma ta ja ni kicin. "Ɗauki kayanki ki bi ta baya, ni zan ji da shi. Kada ki tsaya."

Na kai ƙofa, hannuna a kan mariƙi, sai na waiwaya. Ta tsakanin labule na hango Baba a kan tabarma, ana ta addu'a, shi kuwa hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba. Na ajiye akwatin ƙahon, na koma na ɗauki tiren shayi.

Wata yarinya ce ta busa a madadina. Bayan sati na mai da ƙahon, matar da ta karɓa ko buɗe akwatin ba ta yi ba. Ban sake busa ba har yau, kuma abin yana cina.

An ce waiwaye adon tafiya. Ni dai na koyi cewa wani waiwayen shi ne ƙarshen tafiyar, kuma ko an mai da ni bakin ƙofar nan, na san sai na waiwaya.