Kwalabe Biyu a Jakar Rahamatu

Malama Sadiyya 'yar Roni ce, amma aiki ya zaunar da ita a Kazaure, a ofishin jin daɗin jama'a, inda ake kawo yaran da suka yi laifi kafin magana ta kai kotu. Bayan rasuwar mijinta ta koma karatu, ta zaɓi yin bincike kan abin da ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya: me ya sa kusan duk yaran da ake kawo mata maza ne?

Ta shiga gidaje daga Gwiwa har Ɓaɓura a bayan ɗan acaɓa, tana hira da iyaye mata. A nan ta gane ba wai 'yan mata ba sa kaucewa ba ne. Namiji a titi yake tafka nasa, 'yan sintiri su damƙe shi. Mace kuwa a ƙuryar ɗaki take shan maganin tari mai sa maye, uwa ta gani ta rufe don kada zance ya fita.

Wata Asabar da hantsi tana neman almakashi, ta buɗe jakar 'yarta Rahamatu, sai ga kwalabe biyu na maganin nan. Ita da take ba iyaye baki, sai ga zuciyarta tana ce mata ta mayar da su ta yi gum.

Ba ta bi zuciyar ba. Da yarinyar ta dawo daga niƙa, ta ajiye su a gabanta.

"Faɗa mini gaskiya, ba zan taɓa ki ba."

Rahamatu ta durƙusa tana kuka. "Wallahi Umma ba nawa ba ne, na ƙawata Fatu ne. So take ta daina, ta ba ni in riƙe. Ta ce in babanta ya ji, ta shiga uku."

Sadiyya ta duba, ko buɗe su ba a yi ba. Ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta jawo 'yar jikinta tana hamdala.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta nufi gidan su Fatu. Tana fara magana mahaifiyar ta riƙe hannunta. "Yaya, na daɗe da sani. Wanda zan faɗa wa na rasa."

Tare suka shawo kan uban, aka kai Fatu asibiti a Kano. Bana ta koma aji, har ta yi kumatu.