Surukin Saje Haggai Ba Shi da Gona

Ka san yadda ake yi wa surukin da ba shi da gona noma? A ƙasar Zuru wannan ba tambayar wasa ba ce. A al'ada saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da sa'o'insa su yi shekaru suna nome gonar uban yarinya. Saje Haggai na Dabai bai yi ba, kuma abin ya daɗe yana cin sa.

Ba ragwanci ya hana shi ba. Aikin soja ne ya kai shi Bakassi, can ƙarshen kudu, inda ƙasa ke yayyankewa ta zama tsibirai, Nijeriya na cewa nata ne, Kamaru na cewa nata ne. A wani ɗan tsibiri mai bukkoki arba'in da coci ɗaya ya ga Alice tana bandar kifi. Ubanta, Baba Etim, masunci ne, dukiyarsa kwalekwale biyu da raga. Ko wurin shuka kuɓewa ba shi da shi. Haggai ya kai abin da aka ce ya kai, aka ɗaura aure a cocin.

Duk zuwansa hutu sai Dodo, abokinsa na ƙuruciya, ya tare shi a kasuwar Zuru.

"Saje mai matar kyauta! Mu mun yi shekara bakwai a duƙe, kai ka je ka kamo taka da ƙugiya."

"Ƙugiyar ma sai mai hannu, Dodo."

Yakan yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora.

A 2002 kotun duniya ta ba Kamaru yankin. A 2006 aka ce sojoji su kwashe, kuma ritayar Haggai ta zo daidai. Nan take ya yanke shawara: ba zai bar surukinsa a hannun jandarmomin Kamaru ba. Ya sa Alice ta ɗaure kayan tsohon, ya sa shi a mota, sai Dabai.

Haggai ba ya aiki rabi da rabi. Ya gina masa ɗaki mai rufin kwano. Ya yanka masa gona a gindin dutse, inda ƙasar ta fi kyau. Da damina ta faɗi ya bi gida gida ya tara sa'o'insa ashirin da uku, har da Dodo. Dattawa masu furfura suna golmo! Mata suka fito kallo suna guɗa, suna tambaya ko amaryar ta iya girki, alhali 'ya'yanta uku. Da kaka aka ɗaure dawa dami sittin da huɗu, aka cika rumbu a ƙofar ɗakin Baba Etim.

"Na janye maganata, Saje," in ji Dodo, yana dafe da ƙugu. "Amma kada ka ƙara aure, bayana ba zai ɗauka ba."

Sai dai mai rumbun bai taɓa leƙa shi ba. Baba Etim ramewa yake yi. Yakan wuni a gindin ɗorawa yana saƙa raga da zaren buhu, in ya gama ya warware. Tuwon dawa loma biyu ya ture. Haggai ya kai shi asibiti, aka ce ba a ga ciwo ba. Ya sayo busasshen kifin Yawuri, tsohon ya shinshina ya yi godiya. Ƙarshe ya haƙa tafki a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyu, ya riƙo hannun surukinsa ya kawo shi. Baba Etim ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana da yarensu.

"Me ya ce?"

"Ya ce ruwan nan ba ya tafiya, ba ya dawowa," in ji Alice.

A watan Agusta na 2008 rediyo ta faɗi cewa an miƙa sauran Bakassi gaba ɗaya. Maza suka taru a ƙofar gidan Haggai da yamma, kowa na faɗin tasa. Dodo ya ce an sayar da wahalar sojoji. Wani ya ce hukuncin kotu hukunci ne. Haggai ya miƙe tsaye.

"Ku bar zancen kotu! Na zauna a wurin nan. Manya sun zana taswira, sun sa hannu, sun ɗauki hoto. Akwai wanda ya shiga kwalekwale ya je ya tambayi masuntan nan ina suke so? Ko mutum ɗaya?"

Alice na wucewa da tulun ruwa. Ta tsaya, ta dubi mijinta.

"Baban Joel, kai ka tambayi Baba?"

Haggai ya gina ɗaki, ya yi noma, ya haƙa tafki, amma wannan tambaya bai taɓa yin ta ba. Ya cire hula, ya je gindin ɗorawa ya tsuguna.

"Baba, ina kake son zama?"

Tsohon da ba ya haɗa magana biyu a wuni ya buɗe baki, har sai da Alice, da ke fassarawa, ta ce ya rage gudu. Yana son gida.

Haggai ya ce wa Alice, "Gaya masa gidan na Kamaru ne yanzu. Za su ce shi baƙo ne, za su nemi takarda, za su sa masa haraji."

Alice ta ce, "Ya ce ya fi ka sanin jandarmomi. Ya ce ba tuta ya baro a can ba. Kabarin mamana ya baro, da ruwan da ya san hanyoyinsa."

Gari ya ɗauka cewa Haggai zai mayar da surukinsa Bakassi. Dattawan coci suka zo ba shi shawara. Dodo ya ja shi gefe.

"Saje, za a ce ka gaji da ciyar da shi ne. Sunanka zai ɓaci."

"Ya ɓaci. Na ɗauko shi ban tambaye shi ba. Yanzu na tambaya ya amsa, sai in yi kamar ban ji ba?"

Da ruwa ya ɗauke suka kama hanya: Kontagora, Lokoja, Kalaba, har bakin ruwan Ikang. Nan Haggai ya tsaya, don tsohon sojan Nijeriya ba shi da abin nema a wancan tsallake. Alice ce ta raka ubanta. Tsohon da aka tallafo zuwa mota a Dabai ya taka cikin jirgin ruwa da ƙafarsa, ya ɗebi ruwan gishiri ya wanke fuska, ya fara yi wa mai jirgi faɗa kan yadda ya jera kaya.

Alice ta dawo ta ce rufin bukkar ya faɗi, kwalekwale ɗaya ya ruɓe, jandarmomi sun zo har sau biyu. Ta ce kuma Baba yana cinye kwanonsa, har ya nemi ƙari.

In akwai tsoho a gidanku da kuka gama shirya masa komai, yau ka je ka tsuguna ka tambaye shi abin da yake so. In ya fara magana, kada ka katse shi.