Hawalar da Inna ta kai Rufa'a

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Hasahisa, ni da Inna, matar kawuna marigayi. Kafin rasuwarsa Kawu ya sayar wa wani tajiri gyaɗarsa. Tajirin bai biya shi hannu da hannu ba, hawala ya rubuta masa zuwa ga abokin cinikinsa na Rufa'a: duk wanda ya kawo takardar, shi za a biya. Abincin Inna da marayunta na bana yana cikin takardar nan, ta ƙulle ta a bakin mayafi, ko ni ba ta bari na gani ba.

Lorin da muka hau auduga ya ɗauko, mu ƙari ne. Hanya duk laka ce saboda ruwan da aka sako wa gonaki. A bakin kogi muka karya da kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da shayi, mai shayin kuwa sukarinsa kamar na aro. Daga nan jirgin fito ya tsallakar da mu tare da jakuna.

Mun tarar da tajirin Rufa'a cikin buhuna, dattijon Balarabe. Inna ta kwance ƙulli ta miƙa.  Takardar fara fat, ta yamutse, sai inuwar hatimi a gefe.

Na ce, “Inna, ina rubutun?”

Ta ce cikin layun Kawu ta same ta. Da zazzaɓi ya tsananta ta ga Larabci ne, ta wanke ta ba shi ya sha. Sai daf da cikawarsa ya ce mata ta kai takardar Rufa'a a ba ta kuɗin gyaɗa.

Na fassara wa tajirin, kunya kamar in nutse. Ya daɗe yana ɗaga takardar a rana. Ya ce a ƙa'idar kasuwa rubutu ake biya, amma hatimin abokinsa ne, ya gane shi. Ya kira maƙwabta biyu suka shaida, Inna ta dangwala yatsa, ya biya.

Mun iso gida da la'asar da dawa a kan lori. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne takarda ba ta tafiya sai da mutuncin masu ita. Na ɗauka Inna za ta yi murna. Sai a ƙofar gida ta riƙe hannuna.

“Ɗana, ashe ba magani na ba shi ba?”