Inda Ƙarfen Ya Miƙe

A Lugu na tashi, gidan maƙera. In an ci tuwo, kakata Inna Dela takan tara mu bakin wutar maƙera, sauran gawayi na ja, ta jingina da zugazugi.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi ta taka shi."

Wai wani sarki ne ya kama aljana Doguwa, ya cusa ta a gora, ya toshe da itace. Ba abin da take iyawa sai ta tura toshiyar, ta janyo. Maƙerinsa ya ɗaura wa toshiyar lanƙwasasshen ƙarfe, ya haɗa da wani kewayayyen dutsen niƙa. Tura, janyo, tura, janyo, dutse ya kama juyi ba hutu. Amma a kowane zagaye akwai inda ƙarfen ke miƙewa sambal. In aka tsaya nan, turi ba ya yi, ja ba ya yi, sai an ingiza dutsen da hannu. Rannan Doguwa ta tsaya daidai nan. Sarki ya yi shela a zo a ingiza, duk gari aka naɗe hannu.

"To sarki fa, Inna?"

"Ya tauni tsaba mana! Haƙoransa mi suka yi?"

Daga baya aka ja ni lakwal, makarantar Nasara, a Dogon Dutsi, ban ƙare ba aka koro ni. Ɗan Faransancin da na tsira da shi ya sa aka ba ni injin fasa duwatsu a aikin hanya. Na leƙa shi: tururi cikin gorar ƙarfe, tura, janyo, ƙatuwar ƙafa na juyi. Doguwar Inna sak.

Ruwan shuka ya sauka. Mutanenmu na aikin tilas suka roƙi a sake su su je gona. Nasaran da ke kan aikin ya ce muddin inji na ci, duwatsu za su ɗebo. Da safe na tsai da shi inda ƙarfen ya miƙe. Ƙafar nan kuwa mutum guda ba ya motsa ta.

"Ku ingiza!" in ji Nasara.

Kawu Gado, ƙanen uwata, ya dubi tafinsa. "Ranka ya daɗe, hannun na shuka ne."

Ni aka ɗaure. Gardi, dogarin Nasara, na can na zuba mini bulala, mutane suka zare ɗai-ɗai suka bi daji. Aka kore ni, shaidar na nan a bayana. Geron shekarar ya yi kyau, ba wanda ya aiko mini ko zangarniya. Su ci. Da can ina tausayin Doguwa. Yanzu na gane Inna ba tausayi take koya mana ba, wurin tsayawa take nuna mana.