Peni Mulitalo, Wanda Ya Zauna Ƙarƙashin Tabarma

Kullum da hantsi Peni Mulitalo zai buɗe ɗan ofishin Ƙungiyar Marubutan Tsibirai da ke Apia, babban birnin ƙasarmu, ya shanya takardun da danshi ya taɓa, ya ɗaure littattafai cikin kwali zuwa Tonga da Fiji da Tuvalu. Shekara talatin da ɗaya ke nan, tun muna mu tara. Yau muna da rassa a ƙasashe bakwai, shi kuwa ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku rubuta, ni in ɗauka. Wasunku ma nauyin kawai gare su."

Wata shekara muka buga labarin da Lupe, wata malamar makaranta daga tsibirin Savai'i, ta rubuta. Ashe ta saka waƙar zuriyar wani gida na ƙauyensu a ciki ba da izininsu ba. Dattawa suka yanke a kore ta daga ƙauyen, ita da 'ya'yanta uku. Mu masu ilimi muka duƙufa tsara wasiƙar ban haƙuri.

"Wasiƙa?" in ji Peni. "Takarda ta yi ɓarna, takarda kuma za ku sake aika musu? Haba, malamai!"

Ya ɗauko lallausar tabarmar da kakarsa ta saƙa, ya bi jirgin ruwa zuwa Savai'i. A ƙofar gidan da aka ɓata wa ya zauna, ya lulluɓa da ita yadda mai neman gafara ke yi a al'adarmu. Rana ta take, ba ruwa ba inuwa. Sai da ta karkata sannan Faumuina, dattijon gidan, ya fito ya yaye tabarmar.

"Kai kuma wa? Kai ka rubuta?"

"A'a, baba. Ni na ɗauro littafin, ni na kawo shi garinku."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Tashi ka shigo, kafin ka gasu a ƙofata."

Tabarmar ta zama tasu, haka al'ada take, Peni bai sake zancenta ba.

Peni, kai ne ka ɗauki laifin da mu muka yi, har yau ina jin kunya in na tuna. Ga shi Juma'ar nan za ka ajiye aiki. Mun gode, dattijon arziki. Matasan ƙungiya, in kun ɓata wa mutane, ku je da ƙafarku kamar shi. Lupe tana nan a ƙauyensu, a gidan ubanta ta aurar da 'ya'yanta duka ukun.